Kwana Tara Ina Gadin Karen Sabon Gari

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni bakin faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Sunana Hajara, a unguwa ana ce mini Maman Sadiya, matar Malam Sabo mai aikin wuyan riga a Fagge. Duk wanda ya san layinmu a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula ya san hannun Malam. Allura da zare ne kawai, amma in ya fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga sai ka rantse da alƙalami aka zana ta. Da hannun nan na dama muke ci, mu da 'ya'yanmu huɗu da Inna mahaifiyarsa. Labarin hannun zan ba ku, don kada wata ta maimaita wautata.

Bazara ce, zafi ya kai zafi. An gama zaɓe ana jiran rantsarwa, kowane sabon kansila yana son rigar da zai shiga hoto da ita. Riguna sun taru a shagon Malam har kan benci. Ni dai cewa nake mu gani a ƙasa, soja ba ya sakin abin da ya riƙe. Haka Allah ya yi ni, ban iya yarda da wuri ba. Malam ma tsokanata yake yi, wai ko ruwan randata sai na leƙa sau biyu kafin in sha.

Wata Talata ya tafi Sabon Gari sayen zare wurin wata mata da ake kira Maman Chidi. Ibo ce, amma a nan Kano aka haife ta, in tana Hausa ba ka gani ba sai ka ce 'yar cikin gari ce. Shagonta a jikin gidanta yake, kuma tana da karnuka biyu, babba mai suna Soja da ƙarami Bingo. Malam ya tarar da su a ƙofar gida sun kaure, babban ya danne ƙaramin, bakinsa a wuyansa, sai gurnani suke. Shi kuwa Allah ya ɗora masa rabon faɗa, ko kaji ya gani suna yi sai ya tsaya. Ya zaci kashe ƙaramin za a yi, ya kai hannu ta baya ya finciko babban. Karen ya firgita, ya juyo ya kafa masa haƙori tsakanin babban yatsa da ɗan ali.

Maman Chidi ce ta wanke ciwon da sabulu a bakin famfo, ta sa shi a tasi zuwa asibiti, ta turo ɗan acaɓa ya gaya mini. Da na isa na tarar da su a layi, ita tana ta yi masa fifita da kwali. Ciwon kuwa 'yan huji biyu ne, ko jini sosai babu. Sai bayan la'asar muka ga likita, wani siriri mai gilashi da ba ya ɗaga kai. Ya ce ba zai ɗinke ba, cizon kare ba a rufe shi. Aka yi wa Malam allura, likitan ya ce ta haukan kare babu ita a asibitin sai an sayo a waje. Sannan ya ɗago ya dube mu.

"A tsare karen nan kwana goma, kada a kashe shi. In ya cika kwana goma lafiyarsa lau, to babu hauka. Hannun kuma a kawo shi wanki duk bayan kwana biyu, kada a sa masa komai a gida."

Magana biyu ya yi, ta farkon ce ta shige ni. Ina yarinya a garinmu na ga mutumin da haukan kare ya kama. An ɗaure shi a ɗaki, in aka nuna masa ƙwaryar ruwa sai ya sandare yana wani irin kuka, bai kai kwana huɗu ba ya cika. Tun da likita ya ambaci hauka ban ƙara jin komai da kyau ba, mutumin nan kawai nake gani.

A hanyar fita Maman Chidi sai nanata mini take yi wai wasa suke yi, karnukanta ba faɗa suke ba. Na ce a raina wasa da haƙori? Kafin mu ce wani abu ta je ta sayo allurar da kanta, ta ƙi a ba ta ko sisi. Wata sai ta yi godiya. Ni kuwa na ce da walakin, goro a miya. Wanda ya san karensa lafiya lau, me zai sa ya yi wannan rawar jiki?

Kafin magariba gidanmu ya cika da 'yan dubiya, kowa da nasa maganin. Wani ya ce a kashe karen a gasa hantarsa a ba Malam. Wata ta ce in kare ya fara hauka a Sabon Gari ba ya kwana, sayar da shi ake yi, a samo mai kama da shi a ɗaure, in an zo dubawa a nuna. Inna kuma ta tsaya a kan nata, wai tun zamanin kakanni gashin karen da ya yi cizon ake ƙonawa, a kwaɓa tokar da man kaɗe a cusa a ciwon, a ɗaure kwana bakwai ba a buɗewa. Malam ya ce likita ya hana. Inna ta ce likitan jiya aka haife shi.

Maganar canja kare ce ta tsaya mini a wuya. Washegari na sallami yara makaranta, na yafa mayafi, na ɗauki wani tsohon almakashi na nufi Sabon Gari. Na ce wa Maman Chidi ina so a yi wa karen alama. Ta dube ni ta dubi almakashin, ta gane nufina sarai, na ga idonta ya canja. Ta kira Soja, wani ja mai farin ƙirji, ta riƙe shi ta yanke gashi a kafaɗarsa ta hagu har fata ta bayyana. Na ce ta zuba mini gashin a takarda, don ko an yi wa wani karen irin askin zan gwada launi. Ta naɗe ta miƙo mini, ta jawo benci ta ce in zauna in duba iya son raina.

Da na koma gida Inna ta ga ƙullin a gefen zanena ta tambaya. Ban iya ƙarya ba, na gaya mata. Ta ce Allah ne ya kawo, in ba ta. Na tuna maganar likita. Sai kuma na tuna mutumin garinmu, na ce in bai yi magani ba ai ba zai yi illa ba, toka ce da mai. Na raba gashin biyu na ba ta rabi, na riƙe rabi don shaida. A tsakar gida muka yi wannan, Malam yana ɗaki a kwance. Ban tsaya ganin sawar ba, na shiga kicin. Da na fito hannun yana ɗaure da farin ƙyalle tam, Malam ya ce mini Inna ce ta gyara masa ɗaurin.

Daga ranar na zama mai gadin kare. Kullum da hantsi ina kan bencin nan, sai azahar in tashi. Masu shagunan layin har sun saba da ni, wani mai sayar da batir yana ce mini sufeto. Ni da ko inuwar kare ba na so ta taɓa tufana, ga ni ina ƙirga lomar Soja. In ya sha ruwa in ji sanyi, in ya kwanta ya fito da harshe in ce to, ya fara.

Rana ta uku suka kaure a gabana. Wallahi ban san lokacin da na haye kan benci ba, ina cewa ga shi nan, ga haukan nan. Maman Chidi ta fito daga shago tana dariya har da riƙe ciki, ta ce in sauko in buɗe idona da kyau. Ta nuna mini yadda Bingo ke kwantar da ƙirji a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama yana kaɗa jela, ta ce gayyata ke nan, kamar yaro ya zo ƙofar gida yana kiran abokinsa. Na ga Soja da girmansa ya zube da kansa ya ba da ciki, ƙaramin ya hau shi yana cafkar kunnensa. Can suka juya, babban ya koma sama. Baki a wangame, haƙora a waje, amma ba a datsewa. Su yi su yi su tsaya, su kakkaɓe jiki, ɗaya ya yi atishawa, su sake komawa. Sau ɗaya Bingo ya yi 'yar ƙara, nan take Soja ya sake shi ya ja baya.

"Maman Sadiya, kare ba shi da hannu," in ji ta. "Bakinsa ne hannunsa. Da shi zai ɗauka, da shi zai taɓa, da shi zai yi kokawa da ɗan'uwansa. Naki yaran ba sa kokawa a tsakar gida?"

Ta ce tun suna shan nono suke koya. In ɗan kwikwiyo ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan zai yi kuka ya bar masa wasan, gobe sai ya rage. A haka suke sanin iyakar haƙorinsu, shi ya sa wanda aka raba da uwarsa da wuri ya fi cizon ganganci. Faɗan gaske kuwa ba ya ɓuya, jiki ne zai sandare, gashin baya ya miƙe, babu mai kwanta wa wani, kuma ba a hutawa sai jini ya fito. Ta kamo Bingo ta buɗe mini gashin wuyansa, ko ƙwarzane babu, sai jiƙewa da yawu. Ta ce da Malam ya tsaya ya tafa hannu kawai da sun rabu, damƙar da ya yi wa Soja ta baya ce ta tsorata shi. Duk wannan bayanin, ni abin da na ɗauka na tafi da shi gida shi ne yawun. Na ce ai dalalar yawu alamar hauka ce, matar nan wayo take yi mini.

A gida kuwa Malam ya je wanki sau nawa? Ko sau ɗaya. Ranar farko ya ce layin asibiti zai cinye masa yini, ga masu riguna suna sintiri. Rana ta biyu ya ce Inna ta ce kada a buɗe. Allurar haukan ce kawai yake zuwa wani kemis a yi masa a damtse, hannun yana cikin aljihun riga. Ni kuma ban matsa ba, don a ganina ba a hannun matsalar take ba. In na dawo daga Sabon Gari labarin kare nake ba shi, ya ci kaza, ya sha kaza, yau ya yi haushi sau uku. Shi kuma ya ce to madalla.

Kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi. Na ce shi ke nan, haukan ne. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa masa ina kallon maƙogwaronsa. Ya shanye ya nemi ƙari, na yi hamdala. Haka na riƙa yi masa, bini-bini in kawo ruwa, yana sha ina murna. Na ga ya koma cin tuwo da cokali a hannun hagu, na ce ɗaurin ne ya hana shi. Na ji wani wari-wari a ɗakin, na ce man kaɗe ne da zafi, har na zagi kwatar maƙwabta. Ni da nake ganin ƙwayar zarra a idon kare, hannun mijina ya kumbura har wuyan hannu ban gani ba.

Ranar da aka cika kwana tara, ina zaune ina gwada gashin takardata da na jikin Soja, Maman Chidi ta tambaye ni abin da likita ya ce da ya ga hannun. Na ce hannu lafiya lau, yana ɗaure. Ta ce ɗaure tun yaushe? Na ce tun washegarin cizon. Ta rufe shagonta da rana tsaka ta ce mu je. A hanya ina ta saƙe-saƙe, na ce so take ta je ta wanke kanta a gaban mutane tun kwana goman bai cika ba.

Tana sa ƙafa a ɗakin ta tsaya cak, ta toshe hanci da bakin ɗankwalinta. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce don Allah a ba ta izini ta kwance. Inna ta ce ba a buɗewa a gaban baƙo. Malam da kansa ya miƙa hannun. Ƙyallen ya manne, sai da aka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Abin da na gani a ƙarƙashi ba zan iya kwatanta shi duka ba. Tafin ya yi suntum yana ƙyalli, ruwa yana fita ta hujin nan biyu gauraye da baƙar toka, ɗan alin kuma ya yi baƙi tun daga tushe. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Na zauna daɓas a ƙasa.

A asibiti wannan karon ba mu bi layi ba, wata nas ce ta ga hannun ta ja mu ciki, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Likitan nan ne dai mai gilashi. Ya daɗe yana kallo, ya sa wani ƙarfe ya zaƙulo tokar, har da guntayen gashin da bai ƙone ba. Ya tambaya wa ya sa wannan. Inna ba ta zo ba, ni ce a tsaye. Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Ni na sa, likita." Likitan ya yi masa faɗa tas kamar ɗan firamare, ya ce cizon da wanki uku zai warkar an mayar da shi abin da zai iya cin hannu gaba ɗaya. Ina tsaye ina ji, ban ce ni ce ba.

Aka kwantar da shi. Mako na biyu aka tsaga tafin wuri biyu aka matse, kullum wanki, kullum allura. In za a yi wankin sai ya cusa hular kansa a baki. Ba zan ɓoye ba, akwai masu aikin da sai ka yi ta binsu kamar kana roƙo, akwai ranar da aka ce babu auduga sai mun sayo, akwai ranar da ruwa ya ɗauke a ɗakin gaba ɗaya na riƙa ɗebowa daga ƙasa. Amma akwai kuma nas ɗin nan da ke zuwa duba shi ko ba aikinta ba ne. Kwana goman kare ya cika ya wuce, ban ma tuna ba sai da Maman Chidi ta gaya mini. Soja lafiyarsa lau, gashin kafaɗarsa har ya fara tsirowa.

Maman Chidi kuwa kusan kullum sai ta zo. Wata rana ta kawo farfesu a kula, ni kuma hali zanen dutse, na buɗe ina jujjuya cokali ina leƙe. Ta ce, "Kifi ne, Maman Sadiya, ga kansa nan ki gani." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce ta yafe mini, ba na farfesun kaɗai ba. Ta ce ita ma da mijinta ne da ta yi fiye da haka, sai dai da ta duba hannun.

Mako na uku likita ya ce tafin ya tsira, kumburin ya sauka, amma ɗan alin ya mutu, in aka bar shi zai ja sauran. Malam ya tambaya ko za a iya barin rabi, don da shi yake tura allura. Likita ya ce gaɓa ɗaya ce za ta rage. Malam ya dubi yatsan ya daɗe, sannan ya ce a yi. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati muna ɗakin marasa lafiya, wani ya kunna rediyo kowa ya kasa kunne. Sojoji dai sun tafi da gaske, ni da nake cewa ba za su saki ba na sha kunya. Rigunan da ke shagon Malam kuwa tuni masu su suka kwashe suka kai wa wasu.

Bayan an sallame mu da kamar wata guda, wata safiya ya ce in miƙo masa wani yanki da allura. Ya gwada riƙewa da babban yatsa da na tsakiya. Ya yi layi ɗaya, ya karkace. Ya warware ya sake, ya sake karkacewa. Ya ajiye ya ce in mayar. A nan ne na kasa riƙewa, na durƙusa na gaya masa ni na kawo gashin, ni na ba Inna da hannuna, kuma na bar shi ya sha faɗan likita a kan laifina.

Ya ce, "Na sani, Hajara. Ina jin ku a tsakar gida. Ni ma tsoron haukan nake ji, shi ya sa na miƙa hannun."

Ban taɓa sanin yana tsoro ba. Kwana tara ina kawo masa labarin kare, ban zauna na tambaye shi nasa ba ko sau ɗaya.

Yanzu keke yake takawa, yana haɗa riguna da wanduna, aikin wuya kuma sai ya kai wa wasu su yi. Muna ci muna sha, mun gode Allah. Inna har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ba don gashin nan ba da hauka ta kama shi, ban taɓa tanka mata ba. Wadda duk kare ya ciji nata, ta wanke da sabulu, ta kai asibiti, ta sa ido a kan karen kamar yadda aka ce. Amma ta riƙa kwance ɗaurin tana dubawa da idonta, kuma kada ta bari a cusa komai a ciki, ko wa ya kawo.

Malam bai ƙara tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Sai dai in yana nafila a ɗaki ina ninkin kaya, ya zauna tahiya ya ɗora hannu a gwiwa, ina ganin guntun yatsan yana ɗagawa yana motsi. Har yau in na gani sai na tashi na fita tsakar gida.